Bawan da Sha'awar Jawabi Ta Mayar Marubuci

A makarantunmu da yawa akwai ƙungiyar mahawara, amma ba kasafai ake ba ta girman da ya kamace ta ba. Wasu iyaye suna ganinta wurin koyon surutu da tsaurin ido, wasu ɗalibai kuwa sun ɗauke ta mafakar waɗanda lissafi ya gagara. Abin da aka saba faɗi shi ne yaro ya zauna ya yi karatu tukuna, magana a gaban jama'a ta biyo baya. Wannan batu yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai sau da yawa al'amarin yakan bi ta ɗaya hanyar ne, watau buƙatar tsayawa gaban mutane ita ce ke kora mutum zuwa ga littafi, sa'an nan ta ɗanƙa masa alƙalami. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na wani baƙar fata ɗan Amurka mai suna Frederick Douglass, wanda aka haifa cikin bauta, bai taɓa zama a aji ko na yini ɗaya ba, amma ya bar wa duniya littattafai uku na tarihin rayuwarsa, ya kuma yi shekaru yana buga jarida tasa ta kansa.

An haife shi cikin watan Fabrairu na shekarar 1818 a gundumar Talbot ta jihar Maryland, sunan da uwarsa ta sa masa kuwa shi ne Frederick Bailey. Ita uwar, Harriet, baiwa ce mai aikin gona a wani wuri mai nisa, bai gan ta ba sai 'yan lokuta kaɗan kafin ta rasu. Kakarsa ce ta rene shi. Cikin 1826, yana ɗan shekara 8, aka aika da shi birnin Baltimore, gidan wani Bature mai suna Hugh Auld, domin ya riƙa kula da ɗan gidan.

Matar gidan, Sophia, takan karanta Littafi Mai Tsarki da babbar murya, yaron yana gefe yana saurare. Abin lura a nan shi ne ta kunne karatu ya fara shigarsa. Ya ji kalmomi suna fitowa daga takarda, ya yi mamaki, ya roƙe ta ta koya masa. Ta yarda, ta koya masa baƙaƙe, har ya soma haɗa gajerun kalmomi. Da maigidan ya ji labari sai ya hana nan take, ya yi wa matarsa dogon bayani a gaban yaron cewa karatu yana lalata bawa, domin bawan da ya iya karatu ba zai ƙara yarda da zama bawa ba. A wancan zamani jihohi da yawa na kudancin Amurka sun kafa dokokin hana koya wa bayi karatu ko rubutu saboda wannan dalili. To, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Douglass ya rubuta daga baya cewa wannan faɗa na ubangidansa shi ne lacca ta farko ta ƙin bauta da ya taɓa ji, domin a ranar ya gane inda asirin yake.

Tun da an rufe masa ƙofa a cikin gida, sai ya mai da titi makaranta. In an aike shi yakan ɗauki burodi a aljihu, ya ba 'ya'yan talakawan Turawa na unguwar, su kuwa su biya masa darasi. Rubutu kuma a wurin ƙera jiragen ruwa ya fara koyonsa. Ya lura kafintoci suna sa wa kowane katako harafi don a san inda za a kafa shi, L na hagun jirgi, S na dama, F na gaba, A na baya. Ya kwaikwayi waɗannan huɗu da alli a jikin katanga, sa'an nan in ya sami yaron da ya iya rubutu sai ya cika masa baki cewa ya fi shi, yaron kuwa garin nuna gwaninta sai ya koya masa sabon harafi.

LITTAFIN RABIN DALA

Yana wajen shekara 12 ko 13 ya ji wasu yara 'yan makaranta suna cewa za su hardace wasu jawabai daga wani littafi domin su karanta a gaban jama'a ranar bikin makarantarsu. Shi ba shi da makaranta, balle biki, amma abin ya tsaya masa a rai. Ya tara 'yan kuɗin da ya samu wajen goge wa mutane takalma, ya tafi kantin littattafai a unguwar Fells Point, ya biya rabin dala ya sayi littafin.

Sunan littafin The Columbian Orator. Wani malamin makaranta na birnin Boston, Caleb Bingham, shi ya tattara shi, aka buga cikin 1797, ya kuwa yi farin jini ƙwarai a makarantun Amurka. A farkonsa akwai doguwar gabatarwa a kan yadda ake jawabi, yadda mai magana zai sarrafa muryarsa, inda zai ɗaga ta da inda zai sassauta, yadda zai tsaya, da abin da zai yi da hannuwansa, ana kafa hujja da mashahuran masu jawabi na Girka da Rum na zamanin da. Bayan wannan sai jawabai iri iri, na Cicero, da na George Washington, da na 'yan majalisar Ingila irin su William Pitt da Charles Fox, da kuma gajerun tattaunawa da aka tsara don yara biyu ko uku su yi a gaban aji.

Guda biyu daga ciki suka fi kama shi. Na farko tattaunawa ce tsakanin wani ubangida da bawansa wanda ya yi ta gudu ana kamo shi. Ubangidan ya kawo duk hujjojin da ake kare bauta da su, bawan ya warware su ɗaya bayan ɗaya, har daga ƙarshe ubangidan ya 'yanta shi don kansa. Mai karatu ya auna yadda wannan zai kasance a zuciyar yaron da tun da aka haife shi bai taɓa ganin bawa ya mayar wa ubangidansa magana ya kwana lafiya ba. Na biyu kuwa wani jawabi ne mai zafi na neman 'yancin mabiya ɗariƙar Katolika a ƙasar Ailan. Douglass ya rubuta cewa na Sheridan ne, amma masu bincike sun gano cewa na wani Arthur O'Connor ne, wanda ya yi shi a majalisar Ailan cikin 1795. Kuskuren suna bai rage kome ba daga aikin da jawabin ya yi masa.

A ganina, a nan ne gishirin labarin yake. Jawabi ba irin rubutun da ake bi da ido a wuce ba ne. An yi shi ne domin baki da kunne, saboda haka wanda zai faɗe shi tilas ya san ma'anar kowace kalma, in ba haka ba muryarsa za ta tona masa asiri. Mai karanta labari a zuci yana iya tsallake kalmar da ta gagare shi, mai hardace jawabi kuwa sai ya nemi ƙamus. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san bambancin abin da aka biya da ƙarfi har ya zauna da abin da aka kalla kawai. Haka Douglass ya yi ta maimaita waɗannan jawabai, yana neman fassarar kalmominsu, kuma bisa ga faɗarsa su ne suka ba shi kalmomin da zai furta tunanin da ya daɗe yana yi masa yawo a rai ba shi da suna. Yana da wani ɗan ɗaki a saman madafa inda yake kwana, nan ya shigar da gangar gari ta zama teburinsa, yana kwafar Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙin coci cikin dare bayan mutanen gida sun yi barci. In an bar shi tsaron gida kuwa sai ya ɗauko tsofaffin littattafan koyon rubutu na ɗan ubangidansa, ya cike guraben da ke tsakanin layuka.

Amma fa kada a zaci karatun ya kawo masa kwanciyar rai. Ya ce akwai lokutan da yakan yi kishin 'yan'uwansa bayi waɗanda ba su iya karatu ba, domin shi an nuna masa ramin da yake ciki ba a nuna masa tsani ba.

Cikin 1833 aka mayar da shi ƙauye, garin St. Michaels. A shekarar da ta biyo aka ba da shi haya ga wani manomi, Edward Covey, wanda ya yi suna wajen karya bayi masu taurin kai. Ya sha bulala wata da watanni, har ran da ya tsaya suka yi kokawa mai tsawo, daga ranar kuma Covey bai sake taɓa shi ba. A gonar da aka kai shi bayan nan ya sami masu sauraro. Ya buɗe makarantar Lahadi a ɓoye, inda bayi fiye da 40 suke taruwa yana koya musu karatu, littafin nan na jawabai kuwa yana cikin abin da yake karantarwa da shi. Ya shirya gudu da wasu abokansa cikin 1836, asiri ya tonu, aka kulle su, daga baya aka sake tura shi Baltimore, inda ya koyi sana'ar toshe kafofin jiragen ruwa. A can wasu samari baƙar fata 'yantattu suna da ƙungiyar ƙara wa juna ilmi, suna taruwa suna mahawara, suka karɓe shi ko da yake shi bawa ne.

Ran 3 ga Satumba, 1838, ya sa tufafin ma'aikatan jirgin ruwa, ya ari takardar shaidar wani ɗan jirgi, ya shiga jirgin ƙasa ya nufi arewa. Kashegari yana Niyok. Wata 'yantacciyar mace, Anna Murray, wadda ta taimaka masa da guzuri, ta iske shi can suka yi aure, suka zauna a New Bedford ta jihar Massachusetts. Nan ya ɗauki sunan Douglass domin ɓad da sawu, yana aikin ƙarfi a bakin teku, yana wa'azi a wata majami'ar baƙar fata, yana kuma karanta jaridar The Liberator ta William Lloyd Garrison, jagoran masu yaƙi da bauta.

DA BAKI YA JAWO ALƘALAMI

Cikin watan Agusta na 1841 aka yi babban taron masu ƙin bauta a tsibirin Nantucket. Wani mutum da ya taɓa jin wa'azinsa ya matsa masa ya tashi ya yi magana. Ya tashi jikinsa yana rawa, ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa. Kafin a watse aka ɗauke shi aikin yawon lacca a ƙarƙashin ƙungiyar yaƙi da bauta ta Massachusetts. Aikin ba na wasa ba ne. A garin Pendleton na jihar Indiana, cikin 1843, 'yan tarzoma suka far wa taronsu, suka karya masa hannun dama, hannun bai koma daidai ba har ƙarshen ransa.

Wata matsala kuma ta taso daga wajen abokan tafiyarsa. Su abin da suke so shi ne ya tsaya ya ba da labarin bulala da yunwa, ya bar musu sharhi da hujjoji. Har wasu suka ba shi shawara ya riƙa sa ɗan karin harshen bayin gona a maganarsa, kada ya cika nuna ilmi. Shi kuwa maimaita labari ɗaya dare bayan dare ya gundure shi. Tsayawa gaban jama'a kullum ta sa yana karatu ba ji ba gani, domin kowane gari akwai mai tambayar da zai jefo masa abin da bai shirya ba, kuma yadda karatunsa yake ƙaruwa haka maganarsa take ƙara nauyi. Ba a daɗe ba sai masu sauraro suka fara raɗa cewa wannan mutum bai taɓa zama bawa ba, bawa ba ya magana haka. Abin da ya ƙara wa zargin ƙarfi shi ne ba ya faɗin sunan ubangidansa ko garin da ya fito, don tsoron kada a kamo shi.

Hanya ɗaya ce ta rage masa, ya rubuta. Cikin watan Mayu na 1845 aka buga littafinsa na farko a Boston, Narrative of the Life of Frederick Douglass, an kuma rubuta a bangonsa cewa shi da kansa ya rubuta. Ya ambaci sunaye da wurare da shekaru, yadda kowa zai iya zuwa ya bincika. Abokinsa Wendell Phillips, da ya ga rubutun kafin a buga, ya ce in shi ne da wuta zai jefa shi, saboda hatsarin da ke ciki. Aka sa wa littafin kuɗi rabin dala, daidai da abin da ya biya a kantin Fells Point yana yaro. Cikin wata huɗu aka sayar da kwafi 5,000, daga baya aka fassara shi zuwa Faransanci da harshen Holan.

Wanda ya karanta wannan littafi zai ji muryar mai lacca a cikinsa. Shekara huɗu ya yi yana gwada waɗannan labarai a kan mutane masu rai, yana ganin inda suke yin tsit da inda hankalinsu yake tafiya, saboda haka sa'ad da ya zauna rubutu ya riga ya san abin da zai ajiye da abin da zai zubar. Marubucin da bai taɓa fuskantar jama'a ba yakan yi shekaru kafin ya sami wannan awo, wani ma har ya gama bai samu ba.

Da yake yanzu ya tona kansa, sai ya bar ƙasar cikin Agusta na wannan shekara. Ya yi fiye da shekara ɗaya da rabi yana lacca a Ailan da Sikotilan da Ingila, har ya hau dandali ɗaya da Daniel O'Connell a birnin Dublin, a ƙasar da jawabin 'yancinta ya motsa shi yana yaro. Wasu mata biyu na birnin Newcastle, Ellen da Anna Richardson, suka jagoranci tara fam 150 aka biya Hugh Auld, Douglass ya zama ɗa bisa doka a ƙarshen 1846. Masoyansa na can suka kuma tara masa kuɗin kafa maɗaba'a.

Garrison da mutanensa ba su so ya buɗe jarida ba, suna ganin an yi shi ne don dandali. Bai saurare su ba. Ya ƙaura zuwa Rochester ta jihar Niyok, ran 3 ga Disamba, 1847, fitowar farko ta The North Star, watau Tauraron Arewa, ta bayyana. A nan ma gardama ce ta sake tura shi ga littattafai. Ra'ayin Garrison, wanda shi ma Douglass ya yi shekaru yana yaɗawa, shi ne tsarin mulkin Amurka yana goyon bayan bauta, don haka bai kamata mai ƙin bauta ya jefa ƙuri'a ba. A jihar Niyok ya tarar da masu ƙin bauta irin su Gerrit Smith waɗanda ba su yarda da haka ba, suka yi ta ƙalubalantarsa a jarida da kan dandali. Domin ya ba su amsa sai ya duƙufa kan tsarin mulkin da littattafan shari'a, garin neman hujjar kayar da su kuwa hujjarsu ta kayar da shi. Cikin 1851 ya fito fili ya ce ya sake ra'ayi, abin da ya jawo rabuwarsa da Garrison. Ban ga abin kunya a nan ba. Ɗalibin da ya shiga laburare don ya kare wani batu, ya fito yana ganin raunin batun, ya amfana fiye da wanda ya ci kofi.

Jawabinsa da ya fi shahara ya yi shi ne ran 5 ga Yuli, 1852, a zauren Corinthian na Rochester, bisa gayyatar wata ƙungiyar mata masu ƙin bauta, a kan ma'anar ranar 'yancin Amurka ga wanda yake bawa. Ya fara da yabon waɗanda suka kafa ƙasar har masu sauraro suka saki jiki, sa'an nan ya juya ya nuna musu cewa bikin nasu ne su kaɗai, miliyoyin bayi ba su da rabo a ciki. Wannan jawabi bai zo masa haka kawai a kan dandali ba. Ya yi mako biyu zuwa uku yana rubuta shi, ya cika shi da tarihi da shari'a da ayoyin Zabura da na annabawa, aka kuma buga shi a ɗan littafi aka sayar. Ma'aikacin da yakan miƙa wa na ƙasa da shi aikin rubuta jawabi, ya karɓa a bakin ƙofar zaure ya hau karantawa yana tuntuɓe, yana iya tsayawa ya yi tunani a nan.

Sauran rayuwarsa sananniya ce. Ya buga littafi na biyu na tarihinsa cikin 1855, na uku cikin 1881, ya sake faɗaɗa shi cikin 1892. Ya gana da Shugaba Abraham Lincoln a lokacin yaƙin basasa, ya ga an soke bauta cikin 1865, ya riƙe muƙaman gwamnati a Washinton, ya kuma zama jakadan Amurka a Haiti daga 1889 zuwa 1891. Gobara ta cinye gidansa na Rochester cikin 1872 tare da tarin jaridunsa na shekaru. Akwai kuma wani abu mai sosa rai, Anna, wadda ta taimake shi ya tsere, ta riƙe gida shekara 44 yana yawon duniya, har ta rasu cikin 1882 ba ta iya karanta abin da mijinta ya rubuta ba.

Gidansa na ƙarshe, Cedar Hill, yana kan wani tudu a Washinton, gwamnatin Amurka tana kula da shi a matsayin wurin tarihi, masu ziyara kuma suna ganin ɗakin karatunsa da teburinsa. Ran 20 ga Fabrairu, 1895, ya yini a taron wata majalisar mata, ya komo gida da yamma ya ci abinci, yana jiran keken doki da zai kai shi wata majami'a ta kusa inda aka shirya zai yi lacca da dare. Yana tsaye yana ba matarsa ta biyu, Helen, labarin yadda taron ya gudana, sai ya durƙusa, zuciyarsa ta tsaya. Yana da shekara 77.